Mama Damaris da Muryar Keziya

Mama Damaris 'yar Kagoro ce, aure ne ya kawo ta Haɗeja, inda maigidanta ke aikin malamin gona. Shekara ashirin da uku ita ke bayar da waƙa a Zumuntar Mata ta cocinsu, sauran mata na amshi. Ko a Kaugama ake biki, sai an aiko mata da mota.

Ana nan sai aka turo wata matashiyar ma'aikaciyar jinya daga Pankshin, mai suna Keziya. Ranar da ta fara waƙa a coci, har tsofaffi sai da suka share hawaye. Mama Damaris ta koma gida ta kasa cin tuwo. Daga ranar ta shiga neman laifin yarinyar, tun daga ɗaurin ɗankwalinta har dariyarta.

Da babban taron mata ya matso, aka ce Keziya ce za ta bayar da waƙa. Mama Damaris ta shige ɗaki ta durƙusa.

"Ya Ubangiji, kishin yarinyar nan nake yi, kai ma ka sani. Ba ta yi mini komai ba. Ka ba ni hikima, kada bakina ya kai ni ga zunubi."

Kishin bai gushe ba. Amma ranar taron ta tsaya a bayan Keziya tana amshi. Da aka tashi, yarinyar ta zo ta rusuna.

"Mama, na yi daidai kuwa?"

"Kin yi sauri a baiti na biyu," in ji Mama Damaris, tana kallon gefe. "Ki zo gida ranar Laraba in gyara miki."