Bel Ɗin Bayan Ƙofa

A coci Mama Kar-a-manta ake kiranta, kuma ba sharri aka yi mata ba. Tela ce, idonta ya saba da neman inda zare ya saki. Mijinta ma'aikacin lantarki ne, abincinsa a saman turke yake. Shekara goma sha tara ke nan, kowace safiya sai ta shimfiɗa bel ɗinsa na hawa a teburin ɗinki, ta bi ɗinkin da farce, ta ja ƙugiyar sau uku. In ya tsokane ta, ta ce rigakafi ya fi magani. Sannan su durƙusa a falo, ta ce, "Ya Yesu, na bar shi a hannunka." Da baki take barinsa, zuciyar kuwa tana riƙe da bel.

Wata Talata ta yi sammakon raka ƙanwarta asibiti. Da ta dawo da hantsi, tana tura ƙofa sai ga bel a rataye a bayan ƙofar. Ta kira wayarsa, a kashe. Dama in zai hau kashewa yake. Ta fara addu'a, ta kasa ƙarasawa. Ta cusa bel ɗin a jaka ta fita, ko ƙofar ba ta kulle ba.

A ofishinsu aka kwatanta mata titin da suke aiki. Tun daga nesa ta hango shi can ƙololuwar turke, ya zama ɗan mitsitsi. Ta so ta kwala masa kira, ta ji tsoron kada ya waiga.

Shugaban aikin, wani dattijo mai furfura, ya gane ta. "Uwargida, lafiya?"

"Ina lafiya, Baba? Ya manta bel!"

Dattijon ya leƙa jakar, ya yi murmushi. "Wannan tsohon? Ai shekara bakwai ke nan da hana hawa da irinsa. Namu a sito muke ɗauka. Wannan a mota yake barinsa kullum. Ya ce in bai fito da shi ba, ko ruwa ba za ki iya sha ba."

Ta zauna a bakin titi. Shekara bakwai! Kunya ta kama ta, haushi ya biyo baya. Ta ɗaga kai. Ga shi can ya jingina da iska, hannu biyu a kan waya, cikin bel ɗin da ba ta taɓa gani ba balle ta duba.

Tsoron bai tafi ba. Ta ajiye jakar a ƙasa, ta buɗe tafukanta a kan gwiwa.

"Ashe tun can kai ne ke riƙe da shi, Ya Yesu," ta ce a hankali. "To ga shi nan. Ni dai babu komai a hannuna."