Zaren Fatsar Kawu Bawa

Ni kakata ce ta riƙe ni, a wani ƙauyen masunta da ke gaɓar Kwara, tsakanin Illo da iyakar Benin. Iya muke ce mata. Sana'arta bandar kifi, saboda haka wutarta ba ta mutuwa. Da an sallame Magariba sai mu yaran gida mu kewaye murhun, ita tana juya kifi a kan raga, mu muna jiran ta share murya.

A shekarar da nake tunawa, ɗanta na ƙarshe, Kawu Bawa, ya faɗi da babur a hanyar Bagudo ya karye a kafaɗa. Ɗori ya kama, amma hannun ya ƙi ɗaguwa sama, ga shi kuwa ba a jefa birgi, wato tarun jifa, da hannu ɗaya. Har an fara maganar a sama masa aikin gadi a Birnin Kebbi. Shi kuma ya ƙetara zuwa kasuwar Benin ya dawo da sandar fatsa irin ta zamani, mai ɗan keke a gindi da ake juyawa ya naɗe zare, da sabon zaren roba a kan kwarkwaronsa.

Kwana uku yana fama. In ya naɗe zaren a kan keken ya je ya jefa, sai zaren ya zubo zobe-zobe, ya murɗe, ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu. Ya yanke ya sake, ya kuma yankewa. Abokansa na bakin ruwa suka yi ta dariya. Ni abin ɗaure mini kai ya yi: zare sabo fil, babu ƙulli ko ɗaya, me ke murɗe shi?

Ran nan da yamma yana zaune can gefe a kan turmi, yana warwarar abin da ya rage, fuska a murtuke. Iya ta dube shi sau ɗaya, ta juyo gare mu.

"Ga wata ta biyo ruwa," in ji ta, kamar yadda ta saba buɗe tatsuniya.

"Ta tsaya a mashigarmu," muka amsa.

Ta ce wai an yi wani masunci da ya tsinci ɗan ayu a cikin tarunsa, ya ji tausayi ya sake shi. Uwar ayun ta taso daga ƙarƙashin ruwa ta ba shi zare a naɗe cikin ƙwarya, ta ce duk kifin da ya nufa da shi zai samu. Sharaɗi ɗaya ne: kafin ya ɗauke shi ya duba yadda ya kwanta. Mutumin yana ɗoki, bai duba ba. Ya fizgo bakin zaren ya naɗa a sandarsa ta inda hannunsa ya saba. Da ya jefa, zaren ya dawo ya ɗaure masa ƙafafu. Ya zage shi, ya yanke, washegari ma haka, har zaren da zai iya ƙetare kogi ya koma bai fi tsawon jirgi ba.

Na katse ta. "Iya, zare ya san dama da hagu ne?"

"Ya sani mana, ƙawata. Ni da na yi kaɗi tun ban kai ki ba. Abin da ya daɗe kwance ta gefe guda, in kin tashe shi ta wancan gefen sai ya yi miki gardama."

Ta ci gaba. Wata tsohuwa makauniya ce ta ji kukan masuncin. Ta sa ya jiƙa zaren a ruwa mai ɗumi har ya saki jiki. Ta ce ya ajiye ƙwaryar a ƙasa, ya naɗa kaɗan, sannan ya sassauta hannu ya gani. In zaren ya rataya salin-alin, ya ci gaba. In ya murɗe kansa, ya kife ƙwaryar ta ɗaya fuskar. Ta riƙe masa zaren da tsumma tsakanin yatsu biyu don kada ya naɗu sako-sako, ta kuma hana shi cika sandar har baki. Da ɗan guntun da ya rage ya kama giwan ruwan da ya ciyar da unguwa.

"Ta koma ruwa," Iya ta rufe, ta miƙa mana kan kifi.

Na lura hannun Kawu ya daina motsi tun wajen ruwan ɗumi.

Da safe na tarar da shi a bayan ɗaki da kwanon ruwa. Kwarkwaron yana ƙasa. Ya juya keken sau goma sha wani abu, ya sunkuyar da sanda, zaren ya nannaɗe kansa. Ya kife kwarkwaron ya sake gwadawa. Wannan karon zaren ya rataya shiru. Iya ta zo wucewa da itace, ta tsuguna ta kama zaren da bakin zanenta. Haka suka naɗe shi, ba wanda ya dubi wani, har ta ce, "Tsaya nan, wanga ya isa." Kawu bai tafi Birnin Kebbi ba.

Da na girma na zama malamar makaranta, na yi ta neman tatsuniyar nan don in koya wa ɗalibaina. Na tambayi tsofaffi a Illo, na tambayi masu jin Dendi a ƙetare, na tambayi matan Fulani masu kawo nono. Babu wanda ya taɓa jin ta. Sai bayan rasuwar Iya na kai maganar wurin Kawu, yana zaune cikin jirginsa da furfura.

Ya yi murmushi. "Ina za ki same ta? A gaban murhu ta ƙirƙire ta, ina kallonta."

"To me ya hana ta gaya maka kai tsaye?"

"Ɗiyata, a ranar nan, da a ce ta ce mini ga yadda ake yi, da keken da sandar duk cikin Kwara za su kwana."

Shekara da shekaru na ɗauka darasin na zare ne. Ashe yadda ta bi da ɗanta shi ne abin koyo, kuma har yau, in ɗalibi ya kafe a gabana, ban iya shi kamar ita ba.