Baturen da Ya Ɓata Mini Gayya

Wani malami daga jami'ar Kalgo ya zo har zaurena a Gwandu da hoton wani Bature a cikin waya, wai ko na san shi. Na ce na san shi, kuma da ban san shi ba da ya fi mini. Malamin ya ce ai babban makaɗi ne a ƙasarsu bayan yaƙin duniya na biyu, mai kiɗan jaz, irin mai saurin nan da suke kira bibob, sai dai mutanensa sun manta da shi, ko faifansa ba a samu. Na ce mutanensa suna da hankali. Ya roƙe ni in rubuta abin da na sani. Ni a aji huɗu na tsaya, a aji huɗun ma can baya nake zama, amma saboda wannan mutum zan yi rubutu ko alƙalami zai karye.

Lokacin da ya zo mana ya riga ya bar kiɗa, ko kuwa kiɗa ya bar shi. Gyaran injin ban ruwa ya kawo shi Kalgo. Dogo ne mai jan wuya, hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Ya buga gwiwa, ya buga benci, ya buga tankin babur ɗin mutane. Mun ɗauka ciwo ne, har sannu muke yi masa.

Ni kuwa a shekarar ƙarfi ya zo mini, kuma burina ɗaya ne. A wajenmu idan an yi gayya, samari sun taru suna yi wa mutum ɗaya huɗa, wanda ya riga kowa kai ƙarshen kunya shi makaɗi ke yi wa take. Take kiɗa ne naka kai kaɗai, duk inda ganga ta gan ka da shi za ta kira ka har ka mutu. Ubana yana da nasa, kakana yana da nasa. Ni damina biyu ina zuwa na biyu. A ta uku gwanin da ke gabana ya tafi aikin soja, ba wanda ya rage sai taubashina, ɗan gwaggona, gajere mai nauyin kunne, wanda ko jaki bai taɓa tserewa ba.

Gayyar a Dangoma aka yi ta, a gonar sarkin noma. Da hantsi muka jeru, kowa da garmarsa. Sai ga tsohon makaɗinmu da yatsa a kumbure, an naɗe da tsumma, ko gular kaɗa ganga ba ya iya riƙewa. Baturen nan kuma ya zo kallo, yana tsaye yana buga cinya.

Sarkin noma ya ce da makaɗi, "Baba, yaya za a yi?"

Tsohon ya nuna Bature da haɓa. "Ga wanda hannunai ba ya hutawa. Ku ba shi, mu ga."

Na ce, "Baba, wasa kake yi?"

Ya ce, "Kai da za ka zo na ɗaya, mi ya dame ka?"

Bature ya ƙi rataya ganga. Ya kifa turmi ya zauna, ya ɗora ta tsakanin ƙafafu, ya karya sanda biyu, ya kuma cire murfin kwanon furar mutane ya rataye a reshe. Tun nan ya kamata a kira liman.

Wanda bai taɓa huɗa da ganga ba ba zai gane ba. Garma tana faɗuwa ne inda ganga ta faɗi, numfashinka ma a nan yake fita. Ni kuwa duk yankin ba mai bin ganga kamata. To mutumin nan ya fara kaɗa murfin kwano, cas-cas-cas kamar ruwa a kan kwano, ganga kuma sai ya ga dama. Inda nake jiran bugu ya yi shiru. Na ɗaga garma ta tsaya a sama ina jira, sai ya sako uku a jere kamar an zubar da itace. Na bi shi da gudu, ya tsaya. Na tsaya, ya ruga. Kunyata ta karkace ta shiga ta maƙwabci, na sare gero biyar, a ƙarshe na zauna daɓas a cikin laka.

Taubashina bai ji komai ba. Ya sunkuyar da kai yana tafiya kamar saniyar huɗa, har ya kai ƙarshe. Ya juyo ya ce, "Taubashi, hutawa kake? A kawo maka tabarma?"

Da aka tashi Bature ya zo ya kama hannuna yana murna, da guntuwar Hausarsa ya ce, "Kai ɗaya ka ji ni. Saura ba su ji ba." Wai yabo ne. Da ba a gaban sarkin noma ba ne da na nuna masa abin da na ji.

Bai cika shekara ba ya koma ƙasarsu, bai yi sallama da ni ba, ni ma ban nema ba. Amma tsohon makaɗi ya riƙe kiɗan wurin nan da na faɗi cikin laka: bugu biyu, shiru, sannan uku a guje. Da yatsansa ya warke, ranar kasuwa na zo wucewa ya kaɗa mini shi, kasuwa ta kwashe da dariya.

Da damina ta dawo na yi huɗar da ban taɓa yi ba, na kai ƙarshe kafin kowa ya kai rabi. Na je gaban tsohon ina haki na ce, "Baba, takena."

Ya ce, "Ɗana, ba a yi wa mutum take biyu. Kana da naka."

Tsohon ya rasu, ɗansa ya gaji gangar, jikansa ya gaje shi, kuma kowannensu ya gaji abin nan. Bara da aka aurar da autata, ina zaune cikin manyan baƙi da babbar riga, sai na ji bugu biyu, shiru, uku a guje. Al'ada ita ce in ganga ta kira ka ka miƙe ka ɗaga hannu. Na miƙe, na ɗaga, surukai suna tambayar wane irin kiɗa ne wannan. Na ce na ƙasar waje ne, su ci abinci.