Dutsen Niƙan Goggo

Jiya jikata ta dawo daga wurin mai inji da geronta a ka, ba a niƙa ba. Fetur ya yi wuya a Illela, na 'yan bumburutu kuma ya fi ƙarfin mai injin. Ina ganinta na tuna da Goggo, yayar mahaifina.

Ko bayan inji ya shigo gari, Goggo ba ta daina koɗa dutsen niƙanta ba. Takan zauna a gindin darbejiya tana ƙwanƙwasa shi har ya yi kaushi, zanenta na ƙanshin gero. Wata rana na ce, "Goggo, wannan wahala ta mi ce? Ga inji ƙofar gida."

Ta ce, "Injin ga naka, mi shika ci?"

Na ce, "Man fetur."

"To, nawa injin, hannu shika ci, hannun kuwa yana gida. Gusa, ɗan nema, ka tare mini iska."

Bayan rasuwarta, da nake gina shago, ni na sa magina suka jefa dutsen cikin harsashi. Yanzu yana ƙarƙashin siminti, kuma duk gidan nan babu wadda ta iya niƙa. Ga hatsi a rumbu, yara na tambayar tuwo, ga azumi ya matso. Idan abin ya ɗore, ban san yadda za mu yi ba.

Don Allah, wanda tsohuwarsa ta bar wa dutse, kada ya yi irin tawa. Allah ya sanyaya makwancin Goggo, mu kuma ya kawo mana sauƙi.