Kofin Sanyi a Hannun Mai Ruwan Zafi

Duk wanda ya yi aiki a tsohuwar masaƙar birnin Shenyang ya san Dou Guizhi mai tafasa ruwa. Tun tana budurwa har ta yi furfura tana gindin tukunyar nan, ma'aikata na layi da filas, tana cikawa tana faɗa. Maganinta ɗaya ne a duniya. Ciwon kai, ciwon mara, ko saurayi ne ya guje ki, "Sha ruwan zafi!" Mijinta kuwa, Tsoho Meng direban bas, bai taɓa kurɓar abu mai sanyi a gabanta ba.

Bayan sun yi ritaya gyambon ciki ya fashe masa. Ya yi ta aman jini, aka kwashe shi sai asibiti. Wata nas, Qiao, ta dama wani farin garin magani a madara mai sanyi ta miƙo wa Guizhi.

"Inna, ba a allura da wannan. Sha zai yi, ya sauka kan ciwon ya daskarar da jinin. A haka za ki ba shi, da sanyinsa."

Guizhi ta ce to. Amma a ranta cewa ta yi, yaran zamani! Cikin da ke jini ne za a zuba wa sanyi? Qiao na juya baya ta tsoma kofin a ruwan filas har ya yi tururi. Haka ta riƙa yi duk sanda aka kawo.

Jini bai tsaya ba. Meng ya yi fari fat, likita ya fara zancen tiyata, alhali zuciyar tsohon ba za ta ɗauka ba. Ana haka Qiao ta dawo ɗaukar abin da ta manta, ta tarar da kofi a ruwan zafi.

"Haba Inna! Dafa shi kike yi?"

"Ɗumamawa dai. Kafin a haifi uwarki nake kula da cikin nan."

Qiao ba ta yi musu ba. Ta damo sabo, ta tsaga yatsar Guizhi, ta ɗiga jinin wuri biyu a kan gilashi. Ɗaya ta taɓa shi da wanda aka ɗumama, yana nan tsululu. Ɗayan ta taɓa da mai sanyi. Kafin ƙiftawar ido ya dunƙule kamar awara.

Guizhi ta saki baki. Ta karkata gilashin, jinin da ya dunƙule ya ƙi motsi. 

"Daga cikin jini ake tace shi," in ji Qiao. "Zafi na lalata shi."

"Ashe ni ke kashe tsohon nan," Guizhi ta faɗa.

Da aka kawo na gaba, har ɗumin tafinta ta ji tsoro. Ta buɗe taga, ta cusa hannuwa cikin dusar ƙanƙarar hunturu da ta taru a bakin tagar har suka yi ja, sannan ta ɗauki kofin.

Meng ya dube ta da kyar. "Tsohuwa, ke ce da sanyi? Lallai mutuwa zan yi."

"Rufe min baki ka shanye!"

Ya shanye, tana tallafe da ƙeyarsa, tana hawaye. Washegari aman ya tsaya, ba a yi tiyatar ba. Da ya ɗan samu ƙarfi, ya kama yatsunta da suka tsattsage saboda ƙanƙara, ya tura su ƙarƙashin bargonsa.