Ranar da Hajiya ta kai ta'aziyya lise

Ko na tsufa har na manta lambar gidana, ba zan manta ranar da mahaifiyata ta kai ta'aziyya makarantar 'yata ba.

Lokacin muna zaune a Vaulx-en-Velin, a gefen birnin Lyon na Faransa. 'Yata ta samu shiga wata tsohuwar lise, wato babbar sakandare, ta gwamnati a tsakiyar Lyon, irin wadda matakalanta suka lotsa don yawan taku. Ni har na gama buga wa dangi waya ina fankama. Ba a rufa wata uku ba yarinya ta ce a maida ta lise ta unguwa. "Papa, ba wurinmu ba ne. Kowa kakansa a nan ya yi karatu, ni ko bango bai san ni ba." Na lallasa, na yi faɗa, ta ce bayan hutu ba ta komawa.

Ana haka makarantar ta shirya bikin cika shekara ɗari da wani abu, aka gayyaci iyaye. Hajiya, mahaifiyata, ta zo daga Damagaram ganin likitan ido, ta ce ƙafarta ƙafarmu. Wani tsohon malami mai ritaya ya zagaya da mu: ga ƙararrawar farko, ga ajin da aka taɓa mayarwa asibitin soja, ga hotunan daraktoci, duk gashin baki iri ɗaya. Hajiya ba ta jin Faransanci, amma kowane darakta sai da ta gyaɗa masa kai.

Sai muka iso wani allon dutse cike da sunaye. Tsohon ya ce tsofaffin ɗalibai ne da suka mutu a yaƙin duniya na biyu. Ya ɗora yatsa kan suna guda, ya ce mahaifinsa ne, tun shi yana goye aka kashe uban. Ya juya zai wuce.

"Me ya ce?" in ji Hajiya. Na fassara mata.

"Shi ne kuka tsaya ƙiƙam?" Ta tuɓe takalmi, ta durƙusa nan tsakiyar baranda, ta dubi jikarta. "Ke, ce masa ya haƙuri."

"Kaka, s'il te plaît, don Allah, shekara saba'in fa!"

"Wani daga gidanmu ya taɓa zuwa gaisuwa? To, ba a yi ba ke nan. Faɗa masa."

Haka yarinyar nan ta yi tafinta, kai a ƙasa, iyayen mutane na kallo. Hajiya ta tambayi wanda ya riƙe shi, da yadda uwarsa ta ƙare. Tsohon ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa. Ya ce shekara da shekaru yana nuna sunan nan, ana ɗaukar hoto, ba wanda ya taɓa tambayar uwarsa.

A jirgin metiro, kan hanyar gida, Hajiya ta yanke hukunci: "Yanzu mun yi gaisuwa a gidan. In kin daina zuwa, ni kika kunyata." Bayan hutu yarinya ta koma, tana ƙunƙuni, ɗauke da gaisuwar Hajiya ga tsohon, don yana leƙowa ɗakin littattafai. A nan ta ci bak ɗinta, jarrabawar gama sakandare.

Da Hajiya ta rasu bayan ta koma Damagaram, muna zaman makoki a falonmu aka ƙwanƙwasa ƙofa. Tsohon ne, 'yata na riƙe da hannunsa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gwiwoyinsa na ƙara, ya ce da Hausa, "Ya haƙuri." Sai da mutum biyu suka ɗaga shi. Ni da ban yi kuka ba tun da aka bugo waya daga gida, wallahi a nan na fashe.

Tun ranar na gane ba sai kakanka ya zauna a wuri kake zama ɗan gida ba. Ka tambayi mutanen wurin wa suka rasa, ka gaishe su, ko da ka makara da shekara saba'in.