Goron da Baba ya kai wa mudir

Ko da zan tsufa in manta sunan littattafan da na karanta, ba zan manta shekarar da dawarmu ta bushe a tsaye ba.

Ina makarantar sakandare a lokacin. Baba yana noman hawasha ɗaya, gonar haya ta wani kamfani kusa da garin Sinja. Dawa ta fara fitar da kai, sai ruwa ya daina zuwa a magudanarmu. Ma'aikatan kamfani kowa ya ce ba shi ba ne, sai mudir am.

Da muka gama cin tuwo Baba ya tambaye ni, "Ɗiyata, ke da ke karatu, mi ne ne mudir am ɗin nan?"

Na ce, "Shi ne babba a kan duk manajoji, Baba. Shi ke tafiyar da kamfani."

Ya ce, "To, mai gari ke nan."

A wurinmu, in ka kai wa babba kuka da goro ya karɓa, ya ɗauki maganarka a wuyansa. Baba ya sayi goro fari, ya tafi da ni saboda Larabcina ya fi nasa. A bakin ofis ya tuɓe takalmi. Na faɗi kukanmu. Mudir ya saurara da kyau, ya ba mu shayi, ya karɓi goron yana murmushi, ya ce, "Allah ya kawo sauƙi, ya hajji."

Da muka dawo, maƙwabta sun haɗa kai za su yi hayar injin jan ruwa daga kogi. Ƙanen Baba, wanda ke cikinsu, ya zo har gida.

"Yaya, shigo cikinmu. Goro ba ya jiƙa gona."

Baba ya ce, "Babba ya karɓi gaisuwata. In na bi ku, na ƙaryata shi."

Kullum da safe yakan je ya tsaya a bakin magudana. Gonakin maƙwabta suka farfaɗo, tamu ta koma kara.

Bayan girbi muka ji ashe masu kamfanin, waɗanda ke zaune a wata ƙasa, sun sauke mudir ɗin tun makon da muka je. Shekarar Baba ya yi ƙwadago a gonar ƙanensa, yana cirar auduga da furfurarsa.

Tun daga nan na gane mudir, komai girman kujerarsa, ɗan aiki ne. Kafin ka jingina abincin gidanka da babba, ka tambaya wa zai iya ce masa tashi.